Kwanakin Da Ba Mu Ambaci Dorina Ba

Shekarar da na gama sakandare a Yelwa na koma tungarmu jiran sakamako, na tarar dorina ta hana mutane sakat. Tungarmu ƙarama ce, ta Sarkawa masunta, a bakin tafkin Kainji, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙasa kafin a kai titin mota. Kifi ya ja baya, don haka kowane gida ya haɗa da noman shinkafa a fadama, kuma shinkafar ce dorinar ke hawowa tana kiwo. Gari na wayewa sai a ga gona ta kwanta, ga sawu a laka kamar an kifa akushi. An yi ta haƙuri har ranar da ta kife jirgin wani maƙwabcinmu yana duba ragarsa. Kwana biyu ana nemansa cikin ciyawar burgu. Da aka same shi, maza ba su bari matarsa ta gani ba.

Bayan sadakar uku Sarkin Ruwa ya tara magidanta, aka yanke shawarar a kashe ta. Maza masu ƙarfi a tungarmu ba su isa ba, sai ya aika wa 'yan'uwa Sarkawa na wajen Shanga da na wajen Ngaski. Suka zo da jiragensu da zagunansu. Zago mashi ne mai ƙugiya da doguwar igiya, wanda in ya shiga jikin dabba ba ya fita.

Farautar dorina a wurinmu tana da doka. Mazan da za su yi ta sukan tsallaka wani gungu, wato tsibiri, su yi kwana bakwai ba su dawo gida ba. Can suke dafa abincinsu, suna wanka da magani, suna wasa zago, Sarkin Ruwa yana ja musu addu'o'i da kirarin kakanni. Ko wa ya wuce a jirgi ya yi musu sallama ba sa amsawa. Mu kuma na gida, daga lokacin da suka tura jirgi har su dawo, ba mai ambaton sunanta, ba mai faɗin abin da suka je yi, ba mai nuna gungun da yatsa. An ce tana ji ta cikin ruwa, kuma gidan da aka ambace ta, jirgin mai gidan za ta nufa.

Da hantsin ranar da za su tafi, Baba yana zaune a gindin tsamiyarmu yana murɗa igiya a cinya, ni kuma ina riƙe masa ɗaya bakin.

"Malama," ya ce. Haka yake kirana tun da na shiga aji ɗaya. "Kin san dokar, ko sun wanke miki ita da sabulun makaranta?"

"Na sani, Baba. Amma a littafinmu an ce dorina dabba ce kawai, ba ta jin Hausa."

"To, Turanci take ji ke nan? Ashe ke ce abin tsoro ga tungar nan. Ku zo ku ɗaure bakin Malama!"

Na yi dariya har igiyar ta suɓuce mini. Ya ce in sun dawo ni za a fara ba kitse, ko na yi ƙiba irin ta matan ma'aikata, domin makaranta ta maido masa da ɗiya kamar sillen kara.

Inna ba ta yi dariya ba. Ita 'yar cikin garin Yelwa ce, aure ya kawo ta cikin Sarkawa, amma ta fi 'yan asalin riƙon wannan doka. Tana amarya aka yi irin wannan farauta. Wata mata ta yi suɓul da baka tana wanke tukwane a bakin ruwa, kuma ranar farautar dorina ta raba jirgin mijinta biyu. Mijin nata kuwa yayan Baba ne. Inna na cikin waɗanda suka ga abin da aka tsamo.

"Bar wasa da ita," ta ce wa Baba. Sannan ta juyo kaina. "Ke, ɗiyar nan, in kinka buɗe baki, ubanki kinka miƙa mata. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

Suka tura jirage kafin azahar. Gungun ba shi da nisa, daga bakin ruwanmu ana hango bukkokin ciyawar da suka kafa da hayaƙin girkinsu.

Lokacin ba a daɗe da yin faɗan nan na Kano ba, wanda mabiyan wani malami suka yi da hukuma har sai da sojoji suka shiga. Kullum rediyo na cewa waɗanda suka tsira sun bazu cikin ƙasa, kowa ya sa ido, in an ga baƙin fuska a kai rahoto. A tunga abin ya zame mana labarin nesa. Sai a kwana na uku da muka kai bandar kifi kasuwar Yelwa ni da Inna na ga yadda tsoro ya kama gari. An kori masu yankan farce daga tasha. Wani mai tallan hula baƙo an yi masa duka don ya kasa faɗin unguwar da ya sauka.

Muka biya shagon Kawu, ƙanen Inna, mai sayar da yadi. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Yaya, ku tattara ku dawo gari. Mutanen nan sun iso mu."

"Waɗanne mutane?"

"Na Kano mana! Wani mai jirgin inji da ke ɗauko albasa ya gan su da idonai. Sun mamaye wani gungu can ƙasa. An ce sun fi ɗari, da bindigogi, da tuta. Ya yi musu sallama sun ƙi amsawa, sai wani karatu suke yi da ba a san irinshi ba."

Wani tela da ke gefe ya ɗago daga kekensa ya ce shi ɗari uku ya ji, kuma har da mata da suka sato.

Gungaye suna da yawa a tafkin, kuma ni ban san wasu masu bindiga da tuta ba. Su Baba ba su kai ashirin ba. Abin da ya zo mini shi ne kada waɗannan miyagu su faɗa wa su Baba suna can su kaɗai. A hanyar komawa na faɗa wa Inna haka. Ta tsaya ta daɗe tana kallona, kamar za ta ce wani abu, sai ta ce, "Gyara kwandonki, ya karkace." Yanzu na san ita tun a shagon ta gane. Ni ce mai takardar sakandare, ni ce ban gane ba.

A kwana na biyar bayan azahar wani mutum ya iso tungarmu a babur. Farin yadi ne jikinsa, da jaka a kafaɗa, Hausarsa ta gabas. Ya ce shi jami'in tsaro ne. Tunga ba maza sai tsofaffi biyu, ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ya ji sosai. Ya tambayi tsohon da ke gani abin da ake yi a gungun can, ya nuna da hannu. Matan da ke wurin suka kau da kai gaba ɗaya, wata ta ja ɗanta ta shige gida. Tsohon ya ce masa, "Sannu da zuwa, a kawo ruwa." Ya sake tambaya, tsohon ya sake yi masa sannu da zuwa.

Wata ce ta ce akwai 'yar makaranta, aka kira ni. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyarmu, wadda ba ta fi taku ashirin da ruwa ba. Inna ta zo ta zauna bayana da ƙwaryar shinkafa tana tsinta.

Ya yi mini magana da mutunci. Ya tambayi makarantar da na yi, ya ce ƙanwarsa ma bana ta gama. Sannan ya fito da madubin hangen nesa ya miƙo mini.

"Duba ki gaya mini abin da kika gani."

Na ɗora a ido. Ga su nan kusa kamar in taɓa su. Ba riga jikinsu, sai layu a damtse. Sun jera zaguna a kan yashi. Na ga Baba a tsugune yana zuba wa wani ruwan magani a ka. A nan ne maganar Kawu ta dawo mini, na gane ashe su Baba ake nufi.

"Ranka ya daɗe, waɗannan mutanenmu ne. Masunta ne. Ubana na cikinsu."

"Dukansu 'yan tungar nan ne?"

"A'a, akwai baƙi."

"Daga ina?"

"Wajen Shanga da wajen Ngaski."

"Kin san su da can?"

"Ban san su ba."

Ya rubuta. Ya ce masunta da raga aka san su, shi bai ga raga ko ɗaya a gungun ba. Na ce aikin ruwa ne na gado. Ya ce wane aiki. Ina jin hannun Inna ya sauka a kan idon sawuna, ta riƙe, ba ta daina kallon ƙwaryarta ba.

"Malama," ya ce, shi ma haka ya kira ni, "ke ba kamar waɗannan ba ce, kin yi karatu. Ina Kano lokacin abin nan. Su ma da farko an ce almajirai ne, ba ruwansu da kowa. An yi ta kawo rahoto ana ajiyewa. Abokin aikina da muke cin abinci kwano ɗaya, da adda suka sassara shi, a buhu muka kwaso shi. Ban zo cutar da ubanki ba. Mutum yana iya shiga abu bai san zurfinsa ba. Ki gaya mini abin da suke yi, in koma in ce na bincika."

Ya ba ni takarda da biro, ya ce in rubuta da Turanci, tunda manyansa ba duka ke jin Hausa ba. Na rubuta cewa akwai maza a gungun, yau kwanansu biyar, akwai baƙi cikinsu, suna da masu, ubana yana tare da su. Saura tambaya ta ƙarshe: abin da suke yi a can.

Na san sunanta da Turanci, har na taɓa cin maki da shi a jarrabawa. Na ce a raina rubutu ai ba magana ba ne. Na ɗora bakin biro. Sai na tuna duk layin da na rubuta yana karɓa ya karanta da ƙarfi don ya tabbatar, ga ruwa nan yana bugun gaɓa kusa da mu. A makaranta na yi wa ƙawayena dariyar wannan doka ba sau ɗaya ba. Amma Baba ne zai tsaya a goshin jirgi jibi da zago a hannu, kuma na ga maƙwabcinmu a naɗe cikin tabarma, naɗin bai kai tsawon mutum ba. Yatsun Inna suka ƙara matse ni.

Na rubuta cewa ban san abin da suke yi ba. Na sa hannu.

Ya karanta, ya dube ni, ya dubi Inna. "Ubanki na ciki, kwana biyar, kuma ba ki sani ba."

"Ranka ya daɗe, ka dawo bayan kwana biyu. Wallahi kwana biyu kawai. Za ka gani da idonka."

"Me zai faru bayan kwana biyu?"

Na sunkuyar da kai. Ya ninke takardar ya sa a jaka. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace na fahimci abin da na ƙara masa: yanzu yana da ranar da zai ɗauka za su kai hari.

Da la'asar muna juya kifi a kan banda na ce wa Inna zan bi shi Yelwa in faɗa masa. Ofishinsu yana can cikin gari, nesa da ruwa.

"Ruwa na ko'ina," in ji ta. "Randar ofis ɗin daga ina anka ɗebo ta?"

"Inna, bindiga gare su."

"Gwamnati ba ta harbin mutum don ya zamna bisa yashi. Za su zo su duba, su ga masunta, su koma. Waccan kuwa ba ta tambaya. Kwana biyu ya rage, ki haɗiye."

Na ci gaba da juya kifi, amma na riga na yanke shawara. Washegari rana na fitowa na ɗauki tulu kamar zan je rijiya, na ajiye shi bayan dangar wata maƙwabciya, na kama hanyar titi. Ina tafe ina maimaita yadda zan faɗa masa, ina roƙon Allah Ya sa in laifi ne ya faɗo kaina, kada ya taɓa Baba.

Na kai gonakin Kambari, rabin hanya ke nan, sai na ji ƙara daga wajen ruwa. Da farko ɗaya, sannan ta ɓarke kamar ana zuba tsakuwa a kan kwanon rufi. Wani manomi da ke ɗaure damin dawa ya miƙe tsaye, muka dubi juna. Ban san lokacin da na yar da takalmana ba.

Ko da na iso, mata duk suna bakin ruwa. Jiragen inji uku sun kewaye gungun, bukkokin suna ci da wuta. Harbin ya tsaya. Ba mai kuka tukuna, kowa ya ƙame. Wata yarinya ta ɗaga hannu za ta nuna, Inna ta kaɗe hannun ƙasa. Har a lokacin.

Jami'an tsaron da ke cikin jiragen suka kwashe masu rai a ɗaure, suka kwashe zagunan, suka nufi Yelwa. Ba wanda ya biyo ta tungarmu ya ce mana uffan. Mu mata muka tura jiragen da suka rage muka tsallaka. Ni na riƙe filafili a jirginmu, na kasa sarrafa shi har muna ta juyawa wuri ɗaya, sai da Inna ta karɓa.

Mutum biyar muka tarar. Baba yana kwance rub da ciki a gefen yashi, ƙafafunsa cikin ruwa, ganyen maganin wanka bai bushe a bayansa ba. Inna ta juya shi, ta share masa yashin fuska da gefen zanenta, a hankali, kamar mai shirya shi zuwa masallaci. Ta cire mayafinta ta rufe shi. Biyu daga cikin mamatan baƙi ne, ba mu ma san wa za mu aika wa ba.

Ba mazan da za su haƙa kabari. Maƙwabtanmu Kambari ne suka zo da fartanyoyinsu, masu zuwa coci da masu bin addinin gargajiya, suka haƙa biyar a jere, suka koma gefe suka tsaya har liman daga ƙauyen gaba ya yi sallah.

Kwana biyu bayan haka rediyo ya ce jami'an tsaro sun tarwatsa maɓoyar 'yan tsattsauran ra'ayi a wani tsibiri kafin su kai harin da suka shirya, an kama makamai, jama'a su kwantar da hankalinsu. A tsakar gidanmu muka ji, cikin masu zaman makoki. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko wani tsibirin ake nufi.

Ranar sadakar uku Kawu ya zo da mutanen gari. Ina kai musu ruwa a gindin tsamiya na ji gardama ta kaure. Wani malamin firamare yana cewa zalunci ne tsagwaronsa, an kasa kama na gaske a Kano an zo an huce kan masunta, don a samu abin faɗi a rediyo. Kawu ya ce a yi hankali da baki.

"Mijin yayata na, na hi ku jin zahi. Amma ku sa kanku wurin hukuma. An ga mutane da makamai. An aiko a tambaya, gari duka ya yi gum. Da su ne fa? Da sun shigo Yelwa ranar kasuwa, ku ne za ku fara cewa an kawo rahoto an yi barci."

"To a harbe su shi ne tambaya?"

"Ni ban ce a harbe ba. Amma har yanzu wa ya gaya muna abin da sunka tahi yi? Na tambayi Yaya sau uku, ta juya mini baya."

Gaskiyarsa ce. Sauran mazan suna tsare, ba su dawo gida ba, don haka a wurin Inna da sauran mata doka ba ta ɗagu ba. Na ajiye kwanon ruwan. Ban san muryata na iya kaiwa haka ba.

"Dorina suka je kashewa! Dorina, Kawu! Dorina!"

Daga cikin gida na ji wata ta yi salati. Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Dorina," ya ce. "To, ɗiyata, mi ya hana ku hwaɗi?"

Bayan mako uku aka sako su Sarkin Ruwa, ba tare da an kai su kotu ba. Shi ya ba mu labarin safiyar. Ya ce suna cikin wanka suka ji injuna. Aka yi magana da lasifika, aka ce su faɗi su waye, su ɗaga hannu. Ba su amsa ba, don kwana shida suna kiyaye bakinsu, saura ɗaya. Shi ya miƙe yana yi wa jiragen alama da hannu su kashe inji, kada su kore ta daga inda take kwance. Wani saurayi daga cikin baƙin ya tashi don ya taya shi, ya manta da zago a hannunsa. Shi ke nan. Ya ce a ofis ya faɗa musu gaskiya tun ranar farko, tunda aikin ya riga ya lalace. Sai da suka kira wani tsohon ma'aikacin daji ya dubi zagunan kafin su yarda. Rediyo bai sake komawa kan maganar ba.

Da damina ta kusa aka aiko wasu mutane daga Sakkwato su ji ba'asi. Aka kira ni wani ofis a Yelwa. Na faɗi komai, suka rubuta. Shugabansu ya jawo takarda daga fayil ya tura gabana ya ce ko na san wannan rubutu. Na ce nawa ne. Ya ce in karanta layin ƙarshe. Na karanta. Ya ce, ba da faɗa ba, a kan wannan takarda aka ba da umarni, domin ita ce shaida kaɗai daga bakin ɗan gari, kuma ta mai ilimi ce. Ya ce ƙarya na yi a lokacin ko yanzu nake yi. Na ce a lokacin. Ya rubuta wannan ma.

Da na fito na ga mai farin yadin zaune a benci a baranda, shi ma jira yake a kira shi. Ya rame. Ya miƙe da ya gan ni.

"Malama, kalma ɗaya na nema a wurinki."

"Na ce maka ubana na ciki."

"Waɗanda suka kashe abokina ma suna da 'ya'ya." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni a rahotona cewa na yi a kewaye su a kama. Ban ce a yi harbi ba."

Na wuce shi na fita. Har yau ba mu ji abin da binciken ya haifar ba. A Yelwa in maganar ta taso, wasu su ce hukuma ta yi gaggawa, wasu su ce Sarkawa ne suka ja wa kansu da camfi, wasu kuma har gobe sun yarda akwai wani abu a gungun da aka rufe. Na taɓa jin haka a cikin mota, daga bakin matar da cinyarta ke gugar tawa.

Sakamakona ya fito, na ci. Kawu ya samo mini gurbi a kwalejin horon malamai, ban tafi ba tukuna. Ƙarar injin jirgi in ta taso daga nesa sai in nemi bango in jingina. Ba na iya sa hannu a takarda sai na karanta ta sau uku.

Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. In mata suka zo takan ce ɗiyarta ta riƙe doka a gaban hukuma, abin da wani namijin ba zai iya ba. Duk lokacin da ta faɗi haka sai in tashi in bar wurin.

Bayan ta fita takaba, wata rana da hantsi muna gyaran kifi mu biyu, na yi ƙarfin hali na tambaye ta.

"Inna, da na faɗa masa fa?"

Ba ta ɗago ba. Ta gama feɗe wanda ke hannunta, ta jefa cikin kwano.

"Da kin hwaɗi, ita za ta ɗauke shi. Kuma da har in mutu ban yahe miki ba."

"To yanzu fa?"

Ta ɗauki wani kifin, ta riƙe shi, wuƙar na ɗaya hannun.

"Yanzu ban san wanda zan ƙi yahe ma ba," ta ce. "Miƙo min gishiri."